Fili ɗaya, farashi biyu

Da safe fili yana da farashi ɗaya, kafin faɗuwar rana ya koma wani. Tsakanin safiyar da maraicen ba a sauke yashi ba, ba a ɗora bulo ko ɗaya ba, ba a ja ruwa ko wuta ba. Abin da ya faru shi ne wasu mutane sun zauna a ɗakin taron ƙaramar hukuma, aka karanta takarda, aka ɗaga hannu, aka ƙirga, sai launin wani ɗan murabba'i a taswirar gari ya tashi daga na gidajen zama ya koma na kasuwanci. Mai filin ya kwanta da arzikin da bai tashi da shi ba. Maƙwabcinsa da suka haɗa katanga kuwa ba zai ji labari ba sai ranar da ya ga motar rusau a ƙofar gida.

Wannan lissafi ya daɗe a duniya. Shari'ar da ta kafa tushen raba gari shiyya-shiyya a Amurka, wadda kotun ƙolin ƙasar ta yanke a 1926, a kan kuɗi ta taso. Wani kamfanin dillancin filaye mai suna Ambler yana da eka 68 a ƙauyen Euclid, kusa da Cleveland a jihar Ohio. Hukumar ƙauyen ta hana a kafa masana'anta a wani sashe na filin. Kamfanin ya je kotu yana kukan cewa ekar da za ta kai dala 10,000 idan ta masana'anta ce, ba za ta wuce dala 2,500 ba idan an ce sai gidaje. Alƙalai 6 suka ba ƙauyen gaskiya, 3 suka ƙi. Abin da aka fi tunawa daga hukuncin shi ne misalin da alƙali Sutherland ya kawo, cewa abin damuwa sau da yawa abu ne mai kyau da aka ajiye inda bai dace ba, kamar alade a falo maimakon a garke. Ni kuwa lambobin nan biyu ne suka tsaya mini a rai. Ƙasa ɗaya, ciyawa ɗaya, amma kalma guda a takardar hukuma tana ninka ƙimarta sau huɗu. Duk wanda yake riƙe da alƙalamin da ke rubuta wannan kalma yana riƙe da na'urar buga kuɗi, ko ya sani ko bai sani ba. Galibi kuwa ya sani.

Kada a ɗauka ni maƙiyin shago ne a cikin unguwa. Ko kusa. Unguwar da babu inda za ka sayi allura sai ka tayar da mota hukunci ce a kan tsoho, da marar lafiya, da yaro, da duk wanda bai mallaki abin hawa ba. A mafi yawan tarihin birane mutane a saman shagonsu ko a bayansa suke kwana, maƙeri da maɗinki da mai sayar da magani duk a layi ɗaya da gidajen abokan cinikinsu. Hayaƙin masana'antu da ƙarar injuna ne suka sa aka fara tunanin raba wurin kwana da wurin nema, kuma dalilin yana da ƙarfi a lokacinsa. Sai dai tun farkon fari akwai son kai a ciki. Dokar shiyyoyi ta birnin New York ta 1916, wadda ita ce ta farko da ta game babban birni gaba ɗaya a Amurka, cikin waɗanda suka fi matsa lamba a yi ta har da masu manyan kantunan titin Fifth Avenue. Damuwarsu ita ce ma'aikatan masana'antun ɗinki suna cika musu titi da tsakar rana suna gogayya da attajiran da ke zuwa sayayya. 'Yan kasuwa ne suka nemi a kare su daga wasu 'yan kasuwa da talakawan da ke musu aiki. A shekarar da ta biyo baya, 1917, sai da kotun ƙoli ta soke dokar birnin Louisville da ta raba layuka tsakanin farar fata da baƙar fata. Saboda haka idan wani jami'i ya buɗe mini taswira yana magana kamar daga sama aka saukar da launukan, sai in yi murmushi. Mutane ne suka shafa su, kuma kowane launi akwai wanda ya amfana da shi.

Abin da nake adawa da shi shi ne hanyar da aka fi bi wajen sauyin: fili ɗaya ɗaya, mai nema ɗaya ɗaya, kowanne da zamansa da ƙuri'arsa. Doka ta ce nan gidaje ne kawai, ta haramta har ɗan teburin gyaran waya, sannan ta bar ƙofar baya a buɗe ga wanda ya iya rubuta takardar neman sassauci ya kuma iya binta ofis-ofis. Sakamakon ba ya wuce abu biyu. Ƙaramin mai sana'a, matar da take son buɗe wurin renon yara a falonta ko mai aski da kujera biyu, ba shi da kuɗin lauya da mai zane, sai ya haƙura ko ya yi a ɓoye yana jiran ranar da za a zo a rufe shi. Babban mai jari kuwa yana da duka, sai ya samu izinin dasa ginin da ya fi layin ƙarfi. Dokar da aka ce an yi ta don kare unguwa sai ta koma tana tace ƙananan kifaye tana barin manya su wuce.

Akwai ƙasashen da suka ɗauki wata hanya, kuma ina ganin sun fi mu'amala da gaskiya. A Japan gwamnatin ƙasa ce ta tsara nau'o'in shiyyoyi, yanzu guda 13, birane kuma su zaɓi wanda za su shafa a ina. Ko a shiyyar da ta fi kowacce tsauri, wadda aka keɓe wa gajerun gidajen zama, mutum yana da damar buɗe ɗan shago ko ofis a jikin gidansa muddin bai wuce murabba'in mita 50 ba, bai kuma kai rabin faɗin gidan ba. A shiyya ta gaba an yarda da shago har mita 150. A Jamus dokar amfani da filaye ta 1962 ta amince da shagunan da ke biyan buƙatar mazauna, da wuraren cin abinci, da sana'o'in hannu marasa damun jama'a, a cikin abin da suke kira unguwar zama ta gama-gari. Ma'aunin a nan girma ne da ƙara da wari da yawan motoci. Idan ka cika sharaɗi ka buɗe, ba sai ka san kansila ba. Idan ba ka cika ba, sanin kansila ba zai yi maka rana cikin sauƙi ba. Wannan ne bambancin haƙƙi da alfarma, kuma alfarma ita ce ake saye da sayarwa.

Ba zato nake ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan an sha ganin abin da ya shige ta. A Ireland an kafa kotun bincike a 1997 don ta duba yadda ake sauya matsayin filaye a kewayen Dublin. Ta ɗauki shekara 15 tana aiki, ba ta fitar da rahotonta na ƙarshe ba sai 2012. A gabanta ne wani mai kamun ƙafa, Frank Dunlop, ya amsa cewa ya riƙa ba kansiloli kuɗi don su ɗaga hannu a ranar ƙuri'ar sauya filaye, daga baya kuma aka ɗaure shi a 2009. A Sifaniya, badaƙalar izinin gine-gine a garin Marbella ta yi ƙamarin da a 2006 gwamnatin ƙasa ta rushe majalisar garin ɗungurungum. Ba wai mutanen waɗannan wurare sun fi sauran jama'a kwaɗayi ba ne. Tsarin ne ya sa mutum mai ɗan ƙaramin alawus ya zama shi zai yanke hukuncin da ke haifar wa wani miliyoyi a cikin minti biyar. Ka ajiye kowa a wannan kujera ka ga yadda baƙi za su fara gaishe shi.

To, a ce ma babu ko sisin kwabo da ya shiga aljihun kowa. Har yanzu sikelin a karkace yake. Mai neman sauyi yana zuwa da lauya, da injiniya, da zane mai launi wanda aka cika da bishiyoyi da mutane masu fara'a, ba ka ganin tirela ko kwandon shara a ciki. Aikinsa ke nan, gobe ma zai dawo da wata takardar, ya san sunan magatakarda, ya san wane sakin layi ne ke motsa wane kansila. Mazauna layi kuwa sau ɗaya a rayuwa abin yake faɗo musu, suna jin labari a makare, suna zuwa da ɓacin rai ba da hujja a rubuce ba, a ba kowannensu minti biyu ko uku ya yi magana, a gode masa, a wuce.

Yadda layi yake juyawa kuma abin kallo ne, domin ba a dare ɗaya yake faruwa ba. Gidan kusurwa ake fara sauyawa, da hujjar cewa ai yana bakin babban titi. Bayan shekara ɗaya na kusa da shi ya shigar da tasa takardar, hujjarsa ita ce maƙwabcinsa ya riga ya zama wurin kasuwanci, don me za a hana shi? Na uku ya kafa hujja da biyun farko. Kafin a ankara rahoton jami'ai yana cewa yanayin layin ya riga ya canza, kamar damina ce ta canza shi ba sa hannunsu ba. A wannan tsakanin, magudanar da aka gina don gidaje ashirin tana ɗaukar ruwan wankin otal. Bututun da aka auna don iyali yana shayar da bene mai ofisoshi. Titin da yara ke wasa ya zama wurin ajiye motocin abokan ciniki, motar sauke kaya tana zuwa da asuba tana ja da baya tana ƙara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bayyana a takardar mai nema. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wanda ya fi shan bugun shi ne ɗan haya. Da zarar kasuwa ta gane cewa layin zai iya zama na kasuwanci, farashin kowane gida yana daina bin abin da iyali za su iya biya, ya koma bin abin da banki ko asibiti mai zaman kansa ko gidan sayar da motoci za su iya biya. Mai gida ba sai ya kori kowa da baki ba, ƙarin kuɗin haya zai yi masa aikin. Mai gidan da ya sayar ya ci riba ya tafi. Wanda yake son ya ƙarasa rayuwarsa a ɗakin da ya haifi 'ya'yansa, a wuraren da ake karɓar haraji bisa ƙimar gida, sai ya ga takardar harajinsa tana hauhawa saboda arzikin da bai nema ba kuma ba ya niyyar taɓawa. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba: layin da ya koma ofisoshi zalla da ƙarfe shida yake mutuwa. Tagogin da a da ke da fitila da ido a bayansu sun zama ƙofofin ƙarfe a garƙame. 'Yan gidajen da suka rage su ne za su riƙa ratsa wannan duhu da dare.

Amma fa ba zan ce a miƙa wa masu halartar taro wuƙa da nama ba. Wasu masu bincike a Jami'ar Boston sun bi bayanan tarukan tsara gari na garuruwa 97 a jihar Massachusetts ta Amurka, suka gano cewa masu tashi su yi magana sun fi sauran jama'a yawan shekaru, mafi yawansu masu gidan kansu ne da suka daɗe a wurin, kuma akasarinsu adawa suke zuwa yi. Ban yi mamaki ba. Wanda yake aikin dare ko yake goyon jariri ba ya samun zuwa, ɗan haya kuma sau da yawa ko takardar sanarwa ba ya gani, don ana aika ta ne ga sunan da ke kan takardar mallaka, wanda mai yiwuwa yana wani gari. Na taɓa zama a irin wannan taro na ji wani mutum ya yi minti uku yana bayanin yadda ɗan wurin renon yara zai rusa masa rayuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma wani mai ɗakin ko raɓa ce ta sauka sai ya yi kururuwar ambaliya. Idan aka bar hukunci ga wanda ya fi ɗaga murya, an dai sauya masu alfarma ne kawai.

Me ya sa ƙananan hukumomi suke rawar jiki a kan irin wannan sauyi? Asusu. Gida yana kawo yara masu buƙatar makaranta da marasa lafiya masu buƙatar asibiti, kanti kuwa yana kawo haraji ba ya neman aji. A jihar Kalifoniya ta Amurka, bayan masu zaɓe sun amince da dokar da ta ƙayyade harajin gidaje a kashi 1 cikin 100 na ƙima a 1978, garuruwa da dama sun koma farautar manyan kantuna da wuraren sayar da motoci saboda kason da suke samu daga harajin ciniki. Ban ga laifin shugaban da yake neman abin biyan albashi ba. Inda nake da ja shi ne lissafin da ake yi da shafi ɗaya. Ana rubuta kuɗin shiga, a manta da faɗaɗa titi, da sabon bututu, da kwasar shara, da gyaran kwalta da manyan motoci za su farfasa. Alƙawarin ayyukan yi ma yana son a tambaye shi: sababbi ne, ko kuwa ciniki ne ya taso daga tsofaffin shagunan wani layi ya dawo nan, aka rufe goma aka buɗe ɗaya?

Idan kuwa an auna an ga babban sauyin ya dace, domin wani lokaci yana dacewa, gari yana girma kuma titin da ya zama jijiya ba zai dawwama a matsayin lungu ba, to saura tambayar riba. Ƙarin ƙimar nan ba gumin mai fili ba ne. Jama'a ne suka haifar da shi, da titin da aka shimfiɗa da harajinsu, da yawansu da ya sa wurin ya zama kasuwa, da sa hannun wakilansu. Me zai hana su sami kaso? Kolombiya ta rubuta wannan a dokarta mai lamba 388 ta 1997, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ƙarin ƙimar da hukuncinsu ya jawo. Birnin Sao Paulo na Brazil tun 2004 yake yin gwanjon takardun izinin ƙarin gini a wasu yankuna, a fili, kowa yana ganin farashi, kuɗin kuma a kashe su a yankin da aka tara su. Akwai iyaka, ba shakka. Birtaniya ta gwada karɓe ƙarin gaba ɗaya, kashi 100 cikin 100, a dokar tsara gari ta 1947, masu filaye suka noƙe suka ƙi sayarwa, aka soke harajin a 1953. Wanda ya ce zai haɗiye duka zai tashi da hannu wofi. Amma tsakanin duka da babu akwai fili mai faɗi, kuma yawancin hukumomi a gefen babu suka kafa tanti.

Wani zai ce a cire hannun hukuma baki ɗaya mana, ga Houston can tana zaune lafiya. Gaskiya ne birnin ba shi da dokar shiyyoyi irin ta sauran manyan biranen Amurka, kuma masu zaɓe sun ƙi ta har sau uku, a 1948 da 1962 da 1993. Sai dai unguwanni da yawa a can suna kare kansu da sharuɗɗan da aka rubuta cikin takardun mallakar gidaje, masu hana kasuwanci, kuma birnin kansa yana taimakawa wajen tilasta su. Unguwar da ke da ƙungiya da lauyoyi tana sabunta nata sharuɗɗan. Wadda ba ta da su, nata su ƙare ko kuma dama ba a taɓa rubuta su ba, sai ta wayi gari da wurin tara tarkacen ƙarafa a jikin katanga. Hannun hukuma ya janye, na mai ƙarfi bai janye ba.

Abin da ya sa nake son a yi taka-tsantsan shi ne wannan ƙofa ta fi sauƙin shiga a kan fita. Amsterdam sai a 2017 ta hana buɗe sababbin shagunan da ke harin 'yan yawon buɗe ido kawai a tsakiyar birnin, bayan mazauna sun daɗe suna kukan cewa shagunan buƙatun yau da kullum suna ɓacewa. A 2024 magajin garin Barcelona, Jaume Collboni, ya sanar da cewa lasisin gidaje kusan 10,000 da ake ba baƙi haya na 'yan kwanaki zai ƙare a 2028, don a maido da su wurin zaman mutane. Gidan da aka mayar masaukin baƙi ma kasuwanci ne, ko da babu allo a ƙofarsa. Lasisi dai ana iya barinsa ya mutu. Gidan da aka rushe aka zuba kankare don ajiye motoci kuwa, iyalin da suka bar shi sun riga sun sa yaransu a wata makaranta a wani gefen gari.

Da ni ke da kujera a irin wannan majalisa, da na nemi a saki ƙananan sana'o'i da doka ɗaya da ta shafi kowa, a ƙayyade faɗi da ƙara da lokacin sauke kaya, a daina sa mai aski yin layi a ofis. Babban sauyi kuma a daina yinsa gida-gida, a ɗauki layin ko yankin gaba ɗaya a tattauna shi sau ɗaya. Sanarwa a liƙa ta a ƙofar kowane gida da ake kwana a cikinsa, ba a akwatin wasiƙar mai takarda kaɗai ba. Kansilan da ke da fili a yankin, ko ɗan'uwansa, ko wanda mai neman ya taimaka wa a yaƙin neman zaɓe, ya faɗa da bakinsa ya fita daga ɗakin. Kuma kafin shugaban zama ya ce a ɗaga hannu, magatakarda ya miƙe ya karanta lambobi biyu da wani mai ƙiyasi da ba ya cin albashin mai nema ya fitar: abin da filin ya kai yau da safe, da abin da zai kai idan hannuwan suka tashi. A rubuta su a littafin zama, a ƙarƙashinsu a jera sunan kowane kansila da ɓangaren da ya zaɓa.